Kukan Amarya Iri Biyu Ne

Mu dai nan Kibiya sai godiya, dawa ta shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu. To, kun kuwa san abin da ke biye da wannan, watau biki. Tun da aka gama girbi babu Juma'ar da za ta wuce ba a ɗaura aure biyu ko uku ba, daga Tarai har Rurum, ƙafata har ta gaji da kai amare. A wurin ɗaya daga cikin bukukuwan nan ne na ji wata magana wadda ta hana ni barci, ita ce na kawo muku yau.

Mun kai wata yarinya ɗakinta a wani ƙauye nan kusa da mu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kada a gane gidan. Yarinyar nan tun ranar kamu take kuka. Kukan amarya ba baƙon abu ba ne, dukanmu mun yi, har a zamaninmu wadda ba ta yi ba sai a ce ba ta da kunya. Amma wannan ba ta ɗaga murya, ba ta kiran Inna, hawaye ne kawai ke zuba, kwana biyu ba ta sa kome a bakinta ba. Sai wata cikin 'yan rakiya ta ce, "Ku dai ku ɓoye shinkafar ɓera, kada a yi mana irin ta Wasila." Ɗaki ya ɗauki shewa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi murmushi. Sai da na koma gida na kwanta, sa'an nan na tuna mutum huɗu aka binne a kan abin nan da muka mai da abin dariya.

Da yawa cikinku 'yan makaranta ba ku yi wayo ba sa'ad da abin ya faru, matan aure kuwa sunan kawai ya saura a bakinsu. Saboda haka bari in ba ku labarin kamar yadda aka ji shi a gaban shari'a.

Unguwar 'Yansoro wani ƙauye ne a ƙasar Gaya. Ba wata uwa duniya ba ce, mu da su duk Kano ta Kudu muke, tuwonmu ɗaya, ɗanwakenmu ɗaya. A can ne aka aurar da Wasila Tasi'u, yarinya 'yar shekara 14, ga wani manomi mai suna Umar Sani, ɗan shekara 35, wanda ke da uwargida. Auren bai fi mako biyu da 'yan kwanaki ba, ran 5 ga Afrilu 2014, girki ya faɗo kan amarya, aka yi ɗanwake, aka kai wa maigida. Kun san halin mazanmu na ƙauye, ba su cin abinci su kaɗai, duk wanda ke kusa sai a ce masa bismilla. Kafin gari ya waye maigida ya cika, mutum uku da suka sa hannu a abincin su ma sun cika, waɗansu kuma aka kwashe su zuwa asibiti.

'Yan sanda suka kama amarya, suka ce ta amsa da bakinta cewa ita ta zuba maganin ɓera, wai domin an aurar da ita ga wanda ba ta so. Aka kai magana Babbar Kotu ta Gezawa, gaban Joji Muhammad Yahaya. Lauyan gwamnati ya tuhume ta da kisan kai, ya nemi a yanke mata hukuncin kisa.

Cikin shaidun da aka kira akwai wata yarinya 'yar shekara 7 da ke zaune a gidan. Ita ta gaya wa kotu cewa amarya ta ba ta naira 80 ta aike ta kanti ta sayo maganin ɓera, ta ce ɓeraye sun dame ta a ɗaki. Mai kantin ma ya zo ya ce lalle ya sayar. Wani maƙwabci kuma ya ce shi ma an yi masa tayi, ya ga waɗansu baƙaƙen ƙwayoyi kamar yashi a cikin ɗanwaken, ya ci loma kaɗan ya ji ɗanɗanon bai yi masa ba, ya tsame hannu, maigida kuwa ya ci gaba da ci. Ku duba fa, naira 80. Ko a wancan lokaci ba ta sayen mudun gero. Yarinyar nan 'yar shekara 7 yanzu ta girma, ina kuwa yawan tunanin yadda take kwana da wannan aike da aka yi mata.

To, a nan sai ku natsu, domin labarin da ake yi a gidan biki ya bar rabin maganar a baya. Mahaifin Wasila ya ce shi bai tilasta ta ba, dangin mijin ma suka ce ita ta zaɓe shi cikin masu nemanta, an kuma daɗe ana zance kafin a ɗaura. Ita kuwa ran da aka fara karanta mata tuhuma a kotu ba ta ce uffan ba, kuka ta yi ta yi, daga baya ta ce ba ta aikata ba. Lauyarta, Husaina Aliyu ta ƙungiyar mata lauyoyi, ta nemi a mai da shari'ar kotun yara, Joji bai yarda ba. Takardar nan kuma da aka ce ta amsa laifi a ciki, da Hausa ta yi magana, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, yatsa ta dangwala. A watan Mayu 2015 gwamnatin Kano ta ce ta janye ƙarar, a watan Yuni Joji ya sallame ta, bayan ta shafe wata 14 a tsare. Watau kotu ba ta ce ta yi ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. Ni ma ba zan yanke abin da Joji bai yanke ba. Ba ta koma ƙauyensu ba, waɗansu bayin Allah ne suka ɗauki riƙonta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Uba ya ce ta yarda, 'yan sanda sun ce ta gaya musu ba ta so. Mai yiwuwa ne kowa cikinsu gaskiyarsa ya faɗa. Yarinya 'yar shekara 14, in ubanta ya kira ta zaure ya ce, "Wance, kina son wane?" me kuke tsammani za ta yi? Sunkuyar da kai za ta yi, ta kama wasa da bakin zane. Sai a fito a ce ta yi shiru, shirun budurwa kuwa yarda ne. Gaskiya ne malamai sun faɗi haka, amma sun faɗa ne a kan wadda kunya ta hana ta cewa i. Wadda tsoro ya hana ta cewa a'a fa? Ita ma shirun za ta yi. Uba ba shi iya rarrabe su, domin ba ya kwana ɗaki ɗaya da ita, ba ya ganin ko ta ci tuwon dare ko ta tura wa ƙanenta. Mu ne muke gani, mu uwaye da gwaggwanni da yayye. Mu ne kuma muka fi kowa saurin cewa, "Ƙyale ta, ƙuruciya ce, in ta haihu za ta saba."

Waɗansu sukan saba, ban musa ba. Na san tsofaffi a garin nan da aka kai su ɗaki ana ja suna turjewa, yau ga su da jikoki, in ka taɓa tsohon sai inda ƙarfinka ya ƙare. Amma na san waɗanda aka yi ta biko har sau biyar, na san wadda aka tsamo daga rijiya. Wanda ya ce duk za su saba, caca yake yi da ran 'yarsa, da ran surukinsa, da na duk maƙwabcin da aka yi wa bismilla.

Kada kuma wata yarinya ta karanta wannan ta ce ashe ana yi a sha. Wallahi ba a sha. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki tun 1960, sashe na 221, ta ce wanda ya kashe mutum da gangan hukuncinsa kisa ne, ba ta kuwa ware mace ba. Kun ji labarin Maryam Sanda a Abuja, wadda mijinta Bilyaminu Bello ya mutu da sukar wuƙa a Nuwamba 2017. Babbar mace ce, 'yar manya, da lauyoyinta, duk da haka a Janairu 2020 Joji ya yanke mata hukuncin rataya. Sassaucin da doka ta yi wa yara shi ne, a tsarin shari'ar da ake bi a lokacin Wasila, ba a yanke hukuncin kisa a kan wanda bai kai shekara 17 ba ran da ya yi laifin, sai dai a tsare shi har sa'ad da Gwamna ya ga dama. Ku lura da kalmar nan, sa'ad da ya ga dama. Babu ranar fita da za ki riƙa ƙirgawa. Haka aka yi wa Rahma Husaini a nan Kano, wadda aka kama a 2015 a kan mutuwar angonta, aka yanke mata a 2018, ba ta fito ba sai 2021 da Gwamna ya yi mata afuwa.

Wannan sassauci ma ba kullum yake zuwa da sauƙi ba. A Katsina akwai Maimuna Abdulmumini, wadda aka aurar tana shekara 13, mijinta ya mutu a gobara a 2006, aka zarge ta da sa wutar. A 2012 Babbar Kotu ta yanke mata hukuncin kisa, ta shiga gidan yari da goyo. Sai da lauyoyi suka kai magana har kotun ƙasashen Afirka ta Yamma a 2014, sa'an nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta soke hukuncin kisan a 2015. Shekara tara ke nan ana abu ɗaya. A irin wannan shari'a, tsakanin igiya da rai wani lokaci takarda ɗaya ce, takardar haihuwa. Mu kuwa in aka tambaye mu shekarun 'ya'yanmu sai mu ce an haife ta shekarar da ruwa ya ci gada, ko damina biyu bayan rasuwar dagaci. Joji ba ya karɓar wannan lissafi. Ina roƙonku, duk wadda ta haihu ta matsa wa maigida ya karɓo wa jariri takardar haihuwa daga ma'aikatan hukumar ƙidaya, a sa ta ƙasan adaka tare da kayan ado. Ba don ana fatan kotu ba, makaranta ma tana nema.

Ban da kotun Joji kuma, kun san abin da addini ya ce game da ran mumini, ba sai na tsaya yi muku wa'azi ba. A shari'ar Musulunci magadan mamaci ke da haƙƙin kisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe, wanda ya kashe kuwa ba ya gadon wanda ya kashe.

To, ke yarinya da aka sa miki rana da wanda zuciyarki ta ƙi, ina za ki? Wannan ita ce tambayar da ya kamata mu amsa tun kafin a sa lalle, gama bayan an ci gara magana takan yi nauyi. Ki sani addininki bai rufe miki ƙofa ba. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata mata mai suna Khansa'u 'yar Khidam ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, aka warware auren. Ita dai bazawara ce, malamanmu na Malikiyya kuwa sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma sun ce abin so ne ya shawarce ta, ba su kuma yarda ya kai ta inda za ta cutu ba. A nan ƙasar ma an yi shari'ar Karimatu Yakubu a 1985, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi ba ya komawa ya tilasta ta. In kuwa an riga an ɗaura, akwai hul'i, watau mace ta mai da sadaki ta fanshi kanta, kamar yadda matar Sabitu ɗan Kaisu ta mai da masa gonarsa aka raba su. Alkalanmu na Rano da Kibiya sun san wannan sarai, ba sabon abu ba ne gare su.

Amma yarinya 'yar shekara 14 ba ta san hanyar kotu ba, ko ta sani ba ta da kuɗin mota. Abin da take iyawa shi ne ta buɗe baki ta gaya wa mutum ɗaya. Ki nemi wadda ubanki ke jin nauyinta, gwaggonki, ko kakarki, ko matar liman, ko malamarku ta makaranta. Ki faɗa mata da kalmomi sosai, ki ce, "Gwaggo, ba na son auren nan." Kada ki tsaya ga kuka kina tsammani za a gane, kuka kowace amarya tana yi. In ta farko ta kore ki, ki je wa ta biyu. Daga nan magana ta isa ga mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba, waɗanda tun 2003 doka ta kafa su a Kano, sulhun aure kuwa yana cikin aikin da suka fi yi. Kunyar kwana ɗaya ce. Za a ce ba ki da ta ido, za a yi da ke a bakin rijiya wata guda, sa'an nan a sami wata a koma kanta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna da yatsan nan da Wasila ta dangwala a takardar da ba ta iya karantawa ba, alhali ranta ne a rubuce a ciki. In malami ya ba ku aikin karatu kuna ƙyuya, ku tuna da shi.

Mu uwaye kuwa, namu laifin ya fi yawa wajen yaji. Yarinya ta gudo gida cikin makon farko, ko ruwa ba a ba ta ba, sai a ɗauko tsumagiya, a sa wanta ya kora ta gaba kamar akuyar da ta tsinke. Don me? Don an ci kuɗin mutane, an sayar da ɗan maraƙi an yi kayan ɗaki, ana kuma jin kunyar surukai. Na san nauyin wannan, ni ma na aurar. Amma ki zaunar da ita tukuna, ki rufe ƙofa, ki tambaye ta abin da ya koro ta. Wata ƙuruciya ce kawai da kewar gida, kwana biyu ta huce ta koma da kanta. Wata kuwa abin da za ta gaya miki, ke da kanki ba za ki bari ta koma ba. Wadda aka mayar da bulala ta koyi abu ɗaya, cewa gidan ubanta ba mafaka ba ne, daga ran nan ba za ta ƙara gaya wa kowa abin da ke ranta ba. Sadaki ana iya mayarwa, in ma babu a roƙi dangi a haɗa.

Uwargida, ke ma da naki. Yarinyar da aka kawo miki sa'ar 'yarki ce, ko da kishiya ake kiranta. Ke ce kike wuni da ita a tsakar gida. In kin ga ba ta ci, ba ta magana, tana zaune a ɗaki da rana tsaka ta ƙura wa bango ido, kada ki ce Allah ya ƙara. Ki gaya wa maigida, in bai ji ba ki aika wa uwarta. Tukunya ɗaya kuke ci, 'ya'yanki ne ke lashe kwanon da ubansu ya rage.

Tun da maganar guba ta shigo, bari in ƙara da wannan, gama ko ba da mugun nufi ba tana kisa. Yanzu da hatsi ya shigo gida ɓera ya yi yawa, kowa na sayen shinkafar ɓera da fiya-fiya. Kada ku aiki yaro sayensu, kada ku ajiye su a madafa kusa da gishiri da kanwa da yaji, kada ku juye fiya-fiya a kwalbar da aka saba shan abu a ciki. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi nan da nan zuwa asibiti, a tafi da ƙunshin maganin da sauran abincin, domin likita ya san abin da zai yi yaƙi da shi. Duk wanda ya sa hannu a kwanon a tafi da shi, ko da ya ce shi garau yake ji.

Amaryar nan da na fara ba ku labari, ban iya haƙuri ba, ran kwana bakwai na koma ƙauyen da ɗan ƙullin daddawa kamar mai zuwa ganin ɗaki. Na sami uwargidan a bakin murhu, mace mai hankali, ta ce mini, "Inna, gara da kika zo, ni ma abin ya dame ni." Na shiga na sami yarinyar, na saki labule, na ce, "'Yata, ni ba uwarki ba ce, ba kuma dangin mijinki ba ce, gaya mini." Ta daɗe tana murza bakin mayafi, sa'an nan ta yi magana. Abin da ta faɗa nata ne, ba na jarida ba. Na dai taka har gidan gwaggonta, gwaggon ta sami uban, an yi faɗa, an yi zuciya, an ce tsofaffi masu shiga sharo ba shanu, na shanye. Yanzu yarinyar tana ɗakin gwaggon, an sa ranar zama gaban mai unguwa da liman bayan kasuwa biyu. Mijin, in faɗi gaskiya, bai yi taurin kai ba, ya ce shi ba wanda ya taɓa gaya masa.

Wadda ke da tambaya a kan hul'i, ko yadda ake kai ƙara gaban alkali, ta rubuto ta hannun Edita, ba sai ta sa sunanta ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.